Ruwan da Ya Zo Bayan Damina: Ambaliyar Njamena da Kusuri ta 2022

Ranar 19 ga Oktoba, 2022, shugaban riƙon ƙwarya na Chadi, Janar Mahamat Idriss Déby Itno, ya yi wa ƙasa jawabi ya kafa dokar ta-ɓaci saboda ambaliya. Alƙaluman da ya karanto masu nauyi ne: garuruwa da ƙauyuka 636 a larduna 18 cikin 23 na ƙasar, mutum fiye da miliyan ɗaya, gonaki sama da hekta 465,000, dabbobi wajen 19,000. Abin da zai ɗaure wa baƙo kai shi ne a lokacin damina ta riga ta ɗauke a Njamena. Sama fes, rana na ƙuna, manoman karkara sun shiga yankan gero. Amma mutanen unguwar Waliya na loda katifu da tukwane cikin kwalekwale, a kan layukan da babura ke bi makonni kaɗan kafin nan. A tsallaken kogi, Kusuri ta Kamaru na cikin irin wannan hali.

Mu Hausawan garuruwan nan biyu, har yanzu idan hira ta biyo ta kan shekarar, sai ka ji an ce "ruwan 2022" kamar abu guda. Alhali ruwa biyu ne suka ci Njamena a shekarar, kowanne da lokacinsa, da unguwannin da ya shiga, da masu alhakinsa. Wanda bai raba su ba zai yi ta neman maganin ɗaya a wurin ɗaya.

Ruwan farko: na marka

Na farko ruwan sama ne, wanda ya sauka a kan birnin kansa daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta da farkon Satumba. Hukumar kula da yanayi ta Chadi ta ce rabon da ƙasar ta ga ruwa mai yawa haka tun 1990. Njamena a shekarar da aka saba tana samun ruwan da bai wuce milimita 500 zuwa 600 ba, kuma yawancinsa a Yuli da Agusta yake zuba, cikin 'yan hadura masu ƙarfi da ke tasowa daga gabas, iska a gaba, ruwa a baya. Matsalar birnin ita ce shimfiɗe yake kamar faifai, ƙasarsa kuma laka ce mai danƙo wadda ba ta shan ruwa. Idan an yi ruwa mai ƙarfi ba shi da gangaren da zai bi. A da yakan taru a kududdufan da aka haƙa wajen yin tubali, ya zauna har rana ta ƙone shi. Da gari ya cika, an cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, magudanan da ke akwai kuwa leda da shara sun toshe su. Unguwannin arewa da gabashin birni su suka sha wannan ruwa, har kwalekwale ya zama abin hawa a wasu layuka tun watan Agusta.

Wannan kashi na labarin ba baƙo ba ne ga kowa. Mutumin Kano ko Yamai ko Marwa ya san shi. Abin da ya dace a ƙara kawai shi ne hadarin Sahel ya canja hali. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru 35, ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani sun ninka sau uku a yankin tun 1982. Wato ko da jimillar ruwan shekara ba ta yi wani tashin a-zo-a-gani ba, yadda yake zuba lokaci guda ya ƙaru. Magudanar da aka auna da ruwan shekarun fari ba za ta ɗauki wannan ba.

Ruwa na biyu: na kogi

Na biyun shi ne ainihin abin da nake son a duba, domin ba a sararin Njamena ya zuba ba.

Birnin yana zaune daidai inda koguna biyu suka haɗu. Shari, mai tsawon kimanin kilomita 1,400, yana tasowa daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya biyo ta Sar da Buso. Logon, mai kimanin kilomita 1,000, rassansa na fitowa daga tsaunukan Adamawa na Kamaru wajen Ngaundere da kuma arewa maso yammacin Afirka ta Tsakiya, ya ratsa Mundu da Lai, ya wuce tsakanin Bongor da Yagwa, daga nan ya zama iyakar ƙasashen biyu har Kusuri. A can kudu ruwan shekara yana kai wa milimita 1,000 zuwa 1,500, kuma damina ba ta ɗaukewa sai cikin Oktoba. Kogunan nan biyu su ke kai wa Tafkin Chadi kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ke shiga cikinsa. Duk wannan ruwa ta ƙofar Njamena da Kusuri yake wucewa.

Kuma ba ya sauri. Ƙasar ba ta da gangare, saboda haka cikar kogi tafiyar hawainiya take yi. Logon yakan cika a Mundu wajen Satumba, ya isa Bongor bayan nan, amma kogin ba ya kai ƙololuwarsa a Njamena sai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Tafkin kansa sai Disamba ko Janairu yake batsewa. Masunta sun san wannan lissafi tun kaka da kakanni, da shi suke shirya komarsu da jiragensu. Shi ya sa na ce wannan ambaliya ta bambanta da wadda hadari ke kawowa cikin dare. Tana aiko da saƙo. Wanda ya karanta ma'aunin ruwa a Sar da Bongor a watan Satumba yana da makonni a hannunsa kafin ruwan ya taɓa Waliya.

A kan hanya kogin yana rage kaya. Daga Lai zuwa Kusuri, Logon yana tumbatsa ya malala cikin manyan fadamu ta ɓangarorin biyu. Ta gefen Kamaru akwai fadamar da ta miƙe daga wajen Maga har dajin Waza, wadda ke shan ruwa a fili mai faɗin dubban murabba'in kilomita, sannan ta tsiyaye shi a hankali ta kogin El Beid da ke ratsa tsakanin Fotokol da Gamboru. A shekarar ruwa mai yawa wani kaso ma yakan ɓalle yamma ta tafkunan Fiyanga da Lere, ya faɗa Mayo Kebbi, ya ƙare a Binuwai. (Wannan ce kaɗai dangantakar da ke tsakanin ruwanmu da na Garwa. Madatsar Lagdo da aka yi ta ambata a Najeriya a waccan shekara tana kan Binuwai ne, ba ruwanta da Njamena, ko da yake na ji masu ɗora mata laifin har a nan.) Fadamun nan su ne garkuwar biranen biyu. A 2022 sun cika tun da wuri, saboda ruwan da ya zuba a kansu kai tsaye, kuma shekarun da suka gabata ma masu ruwa ne. Da cikar kogi ta iso, babu sauran wurin ajiye ta.

Tun a watan Afrilu, masana yanayi na yankin Sahel, ƙarƙashin cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai, sun fitar da hasashen cewa damina za ta fi yadda aka saba, koguna kuma za su cika fiye da kima. Hedikwatar Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, a Njamena take. Maganar rashin sani ba ta taso ba.

Yadda Waliya ta zama gari

Njamena gundumomi goma ce. Tara suna gefen dama na Shari. Gunduma mai lamba tara ce kaɗai ke tsallake, a tsinin ƙasar da ke tsakanin Shari da Logon: Waliya, Ngeli, Tukura da unguwannin da ke kewaye da su. Duba taswira sau ɗaya ya isa mutum ya gane cewa wannan wuri gadon ruwa ne. Tambayar ita ce yadda dubban ɗaruruwan mutane suka zauna a cikinsa.

Amsar tana cikin fari. Lokacin da Faransawa suka kafa Fort Lami, wato Njamena ta yau, a 1900, bayan yaƙin Kusuri da Rabe ya mutu a cikinsa, sun zaɓi gaɓar dama inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Kakanninmu da suka yada zango nan a hanyarsu ta zuwa Makka da ƙafa, da fatake da mahauta da dukawa da suka biyo baya, a tsofaffin unguwannin da ke kewaye da babbar kasuwa suka zauna. A shekarun 1950 da farkon 1960 kogin yana cika sosai, kuma a 1961 ya kai matsayin da har yau da shi ake kwatance. Ba mai hankalin da zai kafa gidan ƙasa a Waliya a wancan zamani.

Sai fari ya zo, na 1973 da na 1984. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ƙanƙance ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. A bazarar 1985 Shari ya kusa tsayawa cak a gaban Njamena. Shekara da shekaru ruwa bai hau fadamar ba, har aka haifi yara suka girma suka yi aure ba su taɓa ganinta da ruwa ba. A daidai wannan lokaci birnin ke kumbura: yaƙin basasa da fari sun koro mutane daga karkara, ƙidayar 1993 ta sami mutum wajen 530,000, ta 2009 kuma ta doshi miliyan. A tsakiyar shekarun 1980 aka gina gadar Ngeli a kan Logon, hanyar manyan motoci daga Duwala da Ngaundere da ta Maiduguri ta ratsa ta tsakiyar wannan tsini. Inda hanya ta bi, kasuwa na bi. Fili a can ya fi araha nesa ba kusa ba, ga shi dab da gari.

A nan nake rabuwa da masu cewa laifin mazauna ne, wa ya aike su. Talaka bai ƙwaci filin nan da tsiya ba, saye ya yi. An auna, an sa hannu, an mai da wurin gunduma mai magajin gari. Kwastan tana Ngeli. Gwamnati da kanta ta gina harabar jami'a a Tukura. Idan hukuma ta kafa jami'a a wuri, me zai sa mai sayar da gawayi ya yi shakkar kafa ɗaki biyu? Kuma ba a rasa gargaɗi a aikace ba: a 2012 ruwa ya shiga Waliya, an kwashe mutane, ruwa ya janye, kowa ya koma. Abin da ya tsaya tsakanin unguwannin da kogi shekara goma bayan haka ganuwar ƙasa ce, wadda zaizaya da ƙafar mutane da ta dabbobi suka ci.

Makonnin Oktoba da Nuwamba

Tun farkon Oktoba samarin unguwanni suka koma kwana a kan ganuwa. Aikin ɗaya ne: a cika buhu da ƙasa, a jera, a taka. Buhun da aka saba zuba masara ya yi daraja, ana karo-karo gida-gida a saya. Irin maganar da ake ji da dare ita ce yaro ya rugo wurin mai unguwa ya ce, "Baba, ta wajenmu fa ya fara tsattsafowa ta ƙasa," dattijo ya ce, "To ɗana, ku tashi na kusa, mata su fara ɗaure kaya." Tsattsafowa ta ƙasa ita ce alamar da ake tsoro. Ganuwar ƙasa ba lalle sai ruwa ya haura ta ba. Idan ta jiƙa ta yi makonni, ruwa na huda ta ta ramin ɓera ko tururuwa, ya rarake cikinta, sai a wayi gari ta zauna. Buhu yana ƙara tsawo, ba ya hana wannan.

Wajen tsakiyar wata ganuwar ta ɓalle a wurare, ruwa ya shiga Waliya da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, ya kuma taɓa gefen kogi a wasu gundumomin, har wajen Milezi ta yamma. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan rubu'in birnin ya nutse. Waɗanda suka bar gidajensu a Njamena kaɗai sun haura dubu ɗari. Kogin ya ci gaba da hawa har cikin Nuwamba, inda ma'aunin Njamena ya nuna mita 8.14, abin da rabon a gani tun zamanin cikar 1961.

Ruwan kogi ba ya kashe mutane da yawa nan take kamar na kwazazzabo, domin a hankali yake hawa. Ɓarnarsa a zama take. Gidan ƙasa yana jure ruwan sama idan an yaɓe shi da kyau, amma idan ruwa ya kwanta a gindinsa kwana da kwanaki, tubalin ƙasa yana narkewa, bango ya durƙusa. Masai ya cika ya haɗu da rijiya. Sauro ya samu gida a lokacin da ya kamata zazzaɓi ya fara sauƙi. Makarantu da suka buɗe a farkon Oktoba sun koma masauki, wasu kuma suna cikin ruwa. Mutane sun kafa bukkokin zane da leda a gefen kwalta, saboda titi ya fi unguwa tudu, kafin a buɗe sansanoni a Tukura da Milezi da Kundul da wasu wurare. Da yawa cikin magidanta sun ƙi nisa da gidajensu saboda ɓarayi na bin dare da kwalekwale suna kwance kwanon rufi da ƙofofi. Ga kuma dorina. Shari na da su tun asali, da ruwa ya haɗe kogi da unguwa sai suka shigo, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF da ta yi aiki a sansanonin ta ba da rahoton mutanen da suka rasu bayan dorina ta kifar da jiragensu. Kafin ruwa ya gama janyewa hunturu ya kama, mutane na kwance a ƙasa ƙarƙashin tanti.

Akwai abin da ba a cika haɗawa da labarin ambaliyar ba, alhali ya shafe ta ƙwarai. Washegarin jawabin dokar ta-ɓaci, 20 ga Oktoba, aka yi zanga-zangar ƙin tsawaita mulkin riƙon ƙwarya a Njamena da Mundu da wasu garuruwa. Jami'an tsaro sun buɗe wuta, gwamnati da bakinta ta ce an kashe kimanin mutum 50, ƙungiyoyin kare haƙƙi suka ce sun fi haka, aka sa dokar hana fita. Firayim Minista Saleh Kebzabo bai cika kwana goma a kujera ba. Kusan watanni biyun da ya kamata a yi ana gyaran ganuwa da share filin da za a sauke mutane, daga 20 ga Agusta zuwa farkon Oktoba, manyan ƙasa suna zauren babban taron ƙasa suna ja-in-ja kan mulki. Ba na cewa da babu siyasa da kogi bai cika ba. Amma gargaɗin makonni shida ba ya amfanar kowa idan wanda zai ba da umarni hankalinsa na wani wuri. Ga shi kuma tun watan Yuni gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ƙarancin abinci, wato ruwan ya sami rumbu ba kome, ya kuma cinye abin da za a zuba a ciki. Lardunan da suka fi asarar gonaki, Mayo Kebbi ta Gabas da Tanjile da Logon ta Yamma da Mandul da Shari ta Tsakiya, su ne masu ciyar da ƙasar da dawa da shinkafa.

Tsallaken Kusuri

Kusuri tana fuskantar ruwan nan guda daga ɗaya gaɓar. A Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru abin ya fara tun Agusta da Satumba a yankin Mayo Danay, wajen Yagwa da Maga, sannan ya gangaro Logon da Shari a Oktoba, ya shiga unguwannin Kusuri na gefen kogi da ƙauyukan da ke ƙasa da ita har bakin tafki. Waɗanda abin ya shafa a jihar sun haura 300,000 bisa ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya.

Tarihin ganuwa a wannan gefe ya fi tsawo. A 1979 aka gina madatsar Maga mai tsawon kilomita 27 domin noman shinkafa na kamfanin SEMRY, aka kuma ja ganuwa a gefen Logon. Wannan ya hana ruwa shiga wani babban yanki na fadamar, ciyawa ta mutu, kifi ya ragu, har sai da aka buɗe wani reshen kogi a 1994 don a mayar mata da ruwa. Bayan ambaliyar 2012, Shugaba Paul Biya ya ziyarci yankin a watan Satumba ya yi alkawarin ganuwa mai hanya a kanta, kilomita 330 daga Gobo zuwa Kusuri. Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 108 a 2013, aka gyara madatsar Maga da ganuwar Logon tsakanin Yagwa da Pus. Doguwar ganuwar da aka yi alkawari kuwa, ruwan 2022 ya zo bai same ta ba.

Wani abin tausayi shi ne a Disamban 2021, wata goma kacal kafin wannan, rikici ya ɓarke a yankin Logon Birni tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta da manoma Musgum, kuma tushensa ruwa ne da ya yi kaɗan: ramukan da masunta ke haƙawa don tare ruwa da kifi suna halaka shanu. Faɗan ya kai har cikin Kusuri, ya raba mutum wajen dubu ɗari da gidajensu, da yawa suka tsallaka Chadi aka sauke su a sansanonin da ke kusa da Njamena. Fadama ɗaya, cikin shekara ɗaya, ta kori mutane don ƙishi ta kuma kore su don cika.

'Yan kasuwarmu kuwa ta aljihu abin ya fi taɓa su. Mai shago a tsohon gari ruwa bai shiga gidansa ba, amma abokan cinikinsa na tsallake sun koma neman abin da za su ci, bashin da ya bayar ya kwanta, kayan da ke ajiye a ɗakunan ajiya na ƙasa-ƙasa sun jiƙa. Masu harkar banda su ne suka ga wani gefen: shekarar da fadama ta sha ruwa sosai kifi yana hayayyafa, makiyaya kuma suna samun ciyawar rani. Masu dashen masakwa sun jira ruwa ya janye daga laka, wasu lokaci ya ƙure musu. Cikar kogi ga mutumin fadama arziki ce da asara a haɗe, shi ya sa ba ya goyon bayan duk ganuwar da ɗan birni ke nema.

Abin da ya biyo baya

A watan Nuwamban 2022 ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta fitar da nazarin da ya ce ɗumamar duniya ta sa irin wannan damina mai nauyi a yankin Tafkin Chadi ta fi yiwuwa har sau 80, ruwanta kuma ya ƙaru da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Masu nazarin da kansu sun haɗa da cewa zaman mutane a gadon ruwa da talauci da raunin gine-gine su suka mai da ruwan bala'i. A ganina amfanin wannan bincike ga mai mulki ɗaya ne: ya daina lissafi da shekarun fari. Shekaru talatin da Waliya ta yi a bushe su ne baƙin abu a tarihin kogin.

A 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 150 don kare Njamena daga ambaliya da gyara magudanai, gwamnati kuma ta shiga gina sabuwar ganuwa a gunduma ta tara. Ba a daɗe ba aka gwada ta. Damina ta 2024 ta fi ta 2022 muni: ambaliya ta taɓa dukkan larduna 23, mutum kusan miliyan 1.9, aka rasa rayuka 576, har Tibesti da ke tsakiyar hamada ruwa ya kashe mutane da dama a watan Agusta. A Satumba gadar da ke cikin Yagwa ta karye, a daidai kwanakin da madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri. A Oktoba ma'aunin Njamena ya zarce na 2022. Duk da haka unguwannin da ke bayan sabuwar ganuwa ba su ga irin abin da suka gani shekara biyu baya ba. Waɗanda aka bari a waje da ita, su ruwa ya ci.

Wannan nasara ce, ba na rage mata daraja, amma tana da sharuɗɗa. Ganuwa tana tare ruwan kogi daga waje, tana kuma tare ruwan sama daga ciki. Idan kogi ya fi unguwa tudu dole a rufe bakin magudanai, sai injin tsotsa ya fitar da ruwan marka, injin kuma yana son mai da wuta da mai gyara a birnin da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa. Ganuwar ƙasa tana son a bi ta kowace rani a toshe ramuka, aikin da ba a yanka masa kintinkiri. Sannan da zarar an gina ta, farashin fili a bayanta yana tashi, masu gini na ƙaruwa, ranar da ta ɓalle asarar ta ninka.

Sai babbar matsalar da ba ƙasa ɗaya ke da ikon warware ta ba. Logon a wannan wuri iyaka ne. Ruwan da aka hana shiga Waliya bai ɓace ba, yana neman gaɓar da ta fi ƙasa, kuma wadda ke kallonta ita ce Kusuri. Idan Kamaru ta cika alkawarin kilomita 330 ba tare da barin ƙofofin da za su shayar da fadama ba, ruwan da ya saba malala wajen Waza zai iso mahaɗar kogunan gaba ɗayansa, a daidai makonnin da Shari ke kan ganiyarsa. Ƙasashen biyu suna da yarjejeniya kan ruwan Logon da suka sa wa hannu a Mundu tun 1970, amma an rubuta ta ne kan yawan ruwan da kowa zai ɗiba don noma. Tsawon ganuwar kowane gefe, da inda za a bar ruwa ya fita, da wanda zai biya manomin da aka bar gonarsa ta sha ruwa domin birni ya tsira, waɗannan suna jiran a zauna a kansu tsakanin Njamena da Yawunde.